Kwandon Ɓaure a Barandar Baba

Litinin, 1 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe. Wentworth.

Ba fushi nake yi ba. So nake in rubuta abin yadda ya faru, tun ban fara ƙara masa gishiri ba.

Mako guda ke nan da na kama aiki a jirgin ruwan Merrin Belle, mai yawo da fasinjoji a kogi. Aikina in riƙe makirfo in riƙa faɗa wa fasinjoji sunan tsuntsu da na bishiya daga Renmark zuwa nan, daga nan kuma zuwa Renmark. Shekara huɗu ina karatun ƙwarin gona a Adelaide, ga ni yau ina cewa tsofaffi su duba hagu ga kwasakwasa. Ofishin gona sun ce za su neme ni kan gurbin da ke sashen yaƙi da ƙudan 'ya'yan itace. Har yau shiru. Mama ce ta samo mini wannan kafin nan. Ita ce mai girkin jirgin, ta daɗe a kai. Da can duk sanda jirgi ya iso Renmark gida take kwana. Tun Janairu ba ta kwana ba. Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Da sassafe wata tsohuwa mai suna Nola ta gangaro bakin ruwa da kwando, ta lulluɓe shi da jan ƙyalle. Ɓaure ne na bayan gidanta, ya nuna har yana tsagewa. Mai jirgi ya karɓa da hannu biyu, ya hau sama ya busa mata ƙaho, ita kuma tana ta ɗaga sanda.

Na ce, "Wannan ba zai ƙetare iyakar jiharmu ba."

Ba ni na ƙirƙiro dokar ba. Ɗanyen 'ya'yan itace ba ya shiga yankinmu daga nan sama. A nan ƙudan ya zauna daram, a wajenmu babu shi, shi ya sa lemunmu ke fita kasuwa ba a tare shi. A kan titi akwai shinge, akwai duron zubarwa. Kowa ya sani.

Mai jirgi ya yi dariya. "Dakta, wa ya kafa shinge a kan ruwa? Tun zamanin kakana, mai lambu a bakin kogi yana miƙo wa jirgi abin da ya nuna, jirgi ya busa masa. Mayar wa Nola kwandonta ki gani, ko ruwan shayi ba za a sake ba mu a garin nan ba."

Ni ba dakta ba ce. Digiri ɗaya gare ni. Na sha gaya masa.

Mama ta ce, "Bar shi, Despina. Kafin iyaka zan dafe shi duka da sukari. Dafaffe ai ba laifi."

Gaskiya ne, dafaffe ba laifi. Na ɗauki guda na tsaga da farce don dai in ga. Tsutsotsi farare, ƙanana, suna motsi. Na tsaga na biyu. Na uku lafiya. Na huɗu kuma ga su.

Ban ɗaga murya ba. Wal, mai kula da inji, ya ce har ɗakin inji an ji ni. Ƙarya yake yi.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma.

Marasa kyau suna firiza cikin leda biyu a ɗaure. Sauran suna tukunya. Jirgi duk ƙamshin ɓaure, fasinjoji na ta tambaya yaushe za a ba su.

Na tambayi Mama ko wannan ne kwando na farko a bana. Ta ce akwai wani a tafiyar da ta wuce, kafin in zo. Na ce ina yake. Ta ce an dafa. Cokali take kallo.

Talata, 2 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe.

Na duba kantar kicin. Kwalaben wancan kwandon ba su kai rabin abin da na jiya ya bayar ba. Kwando iri ɗaya ne, na tambayi Wal.

Wataƙila fasinjoji ne suka cinye.

Laraba, 3 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana.

Mun kusa iyaka. Na bi ɗaki ɗaki da jakar leda. Wani dattijo, Mista Tredrea, yana da tuffa biyu a aljihun kwat. Ya ce, "'Yata, daga Melbourne na zo da su, sun fi ki sanin hanya." Na ce ko ya cinye yanzu ko ya saka a nan. Ya tsaya gabana ya cinye duka biyun har ƙwallo, matarsa tana cewa, "Shaƙe, Len, shaƙe, in huta." Mutane suka yi ta tafi.

Kowa abin dariya ya ɗauke shi. Ƙuda mace ɗaya tana iya zuba ƙwai ɗaruruwa. Ba ni da wani abin da zan ƙara.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma.

Ɗakin Mama na da, wanda ke kusa da kicin, yanzu tawul ake ajiyewa a ciki. Na shiga ɗaukar tawul ne kawai. Ban tambayi inda take kwana yanzu ba.

Asabar, 6 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana. Gida.

Baba ya rame. Ya ce bel ɗin ne ya saki. Kwanuka cike da wurin wanki, amma layukan lemu tsaf, ko ciyawa ɗaya babu. Lemun ya fara juyawa, kore yana barinsa. Ya ce bana ya fi na bara, ya ɗora mini guda a tafin hannu in ji nauyi. Sai ya kai ni ya nuna mini tarkunan ƙuda da ya rataya, kamar ban taso ina riƙe masa tsani ba. Mutumin da ya taɓa bin motar baƙi har gidan mai don ya ga ɓawon ayaba a kujerar baya.

Na zaga bayan rumfar famfo neman manjagara. Kwando na kife a jikin bango. Jan ƙyalle a ƙarƙashinsa.

Na daɗe a tsaye. Sai na bi idona. Gindin tsohuwar bishiyar nan ta farko, wadda Kaka ya dasa, ga busassun ɓawon ɓaure a warwatse, sun yi baƙi.

Na kai masa ƙyallen. "Baba, mene ne wannan?"

"Tsumma."

"Daga ina?"

"A baranda na tarar. Ranar Juma'a, mako biyu da suka wuce. Ba takarda, ba sallama. An ajiye an gudu, kamar wanda ya kawo wa kare."

"Ka ci?"

"Ni? Ina da hannu, ina da gona. Ba na cin sadakar jirgi."

"To da ba ka ci ba, me ya hana ka ɗaure a leda?"

Ya ce kwana uku kwandon ya yi a baranda yana kallonsa. A na huɗu ya ɗauka ya watsa. Ya ce ya zaci na bishiyar ƙanwar Mama ne da ke Berri.

"Ka zata, ko ka tambaya?"

"Wa zan tambaya, Despina?"

Na ɗauko rariyar gari daga kicin, na durƙusa a gindin bishiyar na tankaɗe ƙasa. Tsutsar idan ta ƙoshi fitowa take ta nutse a ƙasa, ta lulluɓe kanta da ƙwanso launin ƙasa-ƙasa kamar ƙwayar shinkafa, sai ta fito da fiffike. Na samu. Wasu a rufe. Wasu a buɗe, ba kowa a ciki.

Baba ya tsaya a kaina. Bai tambaye ni me ake nufi da buɗaɗɗen ƙwanso ba. Ya sani.

Asabar, ƙarfe shida na yamma.

Baba ya ce, "Ba wanda za ki gaya wa."

Na ce sabon ƙuda yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya fara zuba ƙwai. Na ce idan aka zo yanzu da tarkuna da magani aka bi duk gonakin kewaye, akwai dama. Idan aka jira, babu.

"Zan yi feshi da kaina. Zan tone ƙasar in ƙone."

"Wanda ya tashi fa? Za ka bi shi gonar maƙwabcinmu Harjit da tanka a baya?"

"Kin san me za a yi? Za a zana da'ira a taswira, rumfar famfona a tsakiya. Duk wanda ke ciki lemunsa ba zai fita haka nan ba. Harjit bana ne ƙananan bishiyoyinsa suka fara haihuwa. Kuma za a tambaya wa ya kawo. Garin nan kafin la'asar kowa ya ji. Abin da ake faɗa a kanta bai isa ba?"

Mama yake nufi. Ban taɓa jin ya ce "ta" ba tun Janairu.

Ba fushi nake yi ba.

Lahadi, 7 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe.

Saƙo ya shigo daga ofishin gona tun Juma'a ban gani ba. Na sami aikin. In fara farkon Mayu.

Na karanta sau biyu na kife wayar.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma.

Fushi nake yi. Da shi, da ita, da Nola, da kakan wancan mutumin mai jirgi. Da ni da na zauna yini guda da lambar ofishin a waya ban danna ba.

Litinin, 8 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe. A jirgi.

Sababbin fasinjoji sun hau, yawancinsu 'yan wata ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da matansu. Sanyi. Tururi kwance a kan ruwa, ba a ganin ɗaya gaɓar. Wal ya kunna inji, manyan tayoyin katako suka fara mari ruwa, muka bar Renmark.

Ga yadda abin yake. Waya tana kamawa har wajen tsohon gidan kwastan da ke dab da iyaka. Za mu kai can da la'asar. Bayan nan babu, sai Alhamis a Wentworth. Idan ban kira yau ba, an ƙara wa ƙudan kwana uku kyauta.

Ƙwansunan suna aljihuna a kwalbar magani. Baba bai ga na ɗauka ba. Da zan fito bai ce mini komai ba, yana zaune da kofi bai sha ba.

Ƙarfe goma da rabi.

"Barka da safiya, jama'a. A damanku gonakin inabi ne, kun ga ganyen ya zama rawaya, an gama tsinka. Manyan bishiyoyin turaren nan da ke tsaye cikin ruwa wasu sun haura shekara ɗari uku."

Wani ya ɗaga hannu. "Akwai kada?"

"Babu kada a kogin nan."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Matata ta ce ta ga wani."

"Kututture ne."

"Ai shi na aura," in ji matar, aka kwashe da dariya. Na yi murmushi. Ana biyana in yi murmushi.

Sai muka sha kwana, ga gonarmu. Na san ta tun daga bututun famfo. Shekara da shekaru idan jirgi ya zo nan ana busa ƙaho sau biyu, Mama ta fito ƙofar kicin da tawul, Baba ya ɗaga hula daga rumfa. Ni da nake ƙarama a kafaɗarsa nake. Al'ada ce, duk ma'aikacin da gidansa ke bakin ruwa ana busa masa.

Yau Baba yana gindin bishiyar Kaka da shebur, ya shimfiɗa baƙar leda. Bai ɗago ba. Ƙofar kicin a rufe. Na kalli sama ta gilashin ɗakin tuƙi. Mai jirgi hannunsa biyu a kan sitiyari, yana kallon gaba kamar kogin zai gudu.

Wata mata ta ce, "Kai, lemu! Ba za a tsaya mu saya ba?"

Na ce bai nuna ba. Na ce su duba hagu.

Ƙarfe ɗaya na rana.

An tsaya a gindin jan gaɓar nan mai tsayi, masu ƙarfin gwiwa sun hau kallo. Wal yana gasa tsiran rago a bakin ruwa. Na shiga kicin na rufe ƙofa.

Mama tana yanka burodi. Na ajiye kwalbar a kan katakon yanka.

"Ɗauke mini ƙazanta daga wurin abinci."

"Daga gindin bishiyar Kaka na tono."

Wuƙar ta tsaya.

"Kin ce an dafa."

"An dafa rabi."

"Ɗaya rabin fa?"

"Ke 'yar sanda ce ko 'yata?"

"Mama, shekara nawa kika yi a gidan manomin lemu? Ke ce kike binciken jakar makarantata idan mun dawo daga Mildura!"

"Na duba su! Ɗaya bayan ɗaya na zaɓa, masu kyau, ba tabo."

"Ba a gani daga waje. Kin sani ba a gani daga waje."

Ta goge hannu a tawul, ta sake gogewa. Ta ce duk kaka tun da suka yi aure sai ta samo masa ɓaure. Ɗanye yake so, ba ya son dafaffe, wai dafaffe na marasa haƙori ne. Namu na gida ya mutu shekarar fari. Na Berri bana tsuntsaye sun gama da shi. Ta ce ta yi tunanin zai cinye a zama ɗaya kamar yadda ya saba, har ɓawo, ba abin da zai rage.

Sai ta ce, "To yaya aka yi suka je gindin bishiya?"

Ta juyo ta dube ni.

"Despina. Ya ci?"

Ni mai son faɗin abu daidai ce. Kowa ya san ni da haka, har ana mini ba'a. Na tsaya ina kallon tukunya.

"Ko ɗaya?" ta ce.

"Ko ɗaya."

Ta gyaɗa kai. Ta ci gaba da yanka burodin, yanka sirara sirara, har ya wuce yadda ake so.

Aka turo ƙofa. Mai jirgi ne, ya zo neman shayi. Ya ga kwalbar, ya ga fuskokinmu. Mama ta gaya masa cikin jimla biyu. Ashe bai san ta kai kwandon ba. Na ga wuyansa ya yi ja.

Ya ce, "Dakta, mu bi a hankali. Idan aka ce daga jirgin nan ya fito…"

"Daga jirgin nan ya fito."

"Nola ta kusa tamanin. Za su je su tsige mata bishiya."

"Ba ruwansu da bishiyar Nola, tana wata jiha. Da kai suke da ruwa. Kai ka karɓa, kai ka busa ƙaho."

"Ke yarinya, kogin nan kafin a haife ki…"

"Kada ka ce mini yarinya. Ba kai ka haife ni ba."

Mama ta ce, "Fita, Des." Ba ni take nufi ba. Sunansa ke nan, Desmond. Na rubuta. Shi ke nan, na rubuta sau ɗaya. Ya fita ba shayi.

Ƙarfe uku.

Mun shiga ƙofar madatsa. Aka rufe mu tsakanin bango biyu, ruwa yana ɗaga jirgi a hankali, fasinjoji duk sun jeru suna ɗaukar hoton siminti. Na yi musu bayanin yadda ƙofofin ke aiki. Na faɗi shekarar da aka gina ta daidai. Muryata ba ta yi rawa ba, na saurara.

Bayan madatsa kogin ya faɗaɗa. Gonaki sun ƙare, sai daji da matattun bishiyoyi farare, kwasakwasa jere a kan rairayi. Rana ta yi laushi. An kawo shayi da waina da man shanu da ɓauren Nola dafaffe. Wani ya ce bai taɓa cin mai daɗinsa ba, a kira mai girki a yi mata tafi. Ba ta fito ba.

Sandar waya biyu. Sai ɗaya. Sai biyu.

Ƙarfe biyar saura.

Na hau bene na sama, bayan bututun hayaƙi inda ba kowa. Gidan kwastan ya bayyana can gaba. Na fito da waya. Na nemo lambar ofishin.

Na ji takun Mama a matakala. Ko atamfar girki ba ta cire ba.

"Ba ni."

"Mama, sai na kira. Ko kin ce me."

"Na ce ba ni. Ke za ki fara aiki da mutanen nan da kai ƙarar uwarki? Ni na ɗauka, ni na kai. Ni ke da baki."

Na ba ta. Ta faɗi sunanta cikakke, da sunan Baba a ƙarshe, wanda na zaci ta ajiye. Ta faɗi lambar gonar. Ta ce ita ce ta shigo da ɓaure daga Wentworth ta ruwa. Sai ta yi shiru tana saurare. Ta ce, "Wa?" Ta ce, "Yaushe?" Ta ce, "A'a. A'a, ba haka ba ne, ƙarya yake yi, bai je Mildura ba, mutumin da ko Berri sai an ja shi." Ta ce, "Hello? Hello?"

Sandar ta ɗauke.

Ta miƙo mini wayar. Ta ce tun buɗe ofis da safe wani Thanasi Kaloudis, wato Baba, ya kira, ya ce shi ya sayo ɓaure a bakin titi a Mildura, ya ɓoye a ƙarƙashin kujerar mota ya wuce shinge. Ma'aikata suna gonar tun tsakar rana.

"Jaki," in ji Mama. "Tsohon jaki. Shekara talatin yana wa'azi a taron manoma, yanzu zai ce shi ya ɓoye a mota? Wa zai sake kallonsa?"

Tana zagi tana share ido da atamfa. Sai ta ce abincin yamma ba zai dafa kansa ba, ta sauka.

Na zauna a kan akwatin rigunan ceto har rana ta faɗi. Da na wuce shi da safe, da ledarsa da sheburinsa, ya riga ya kira. Ya bar ni na fito gida da dutse a ciki, ya bar ni na yini da shi. Kalma ɗaya ta gagare shi.

Talata, 9 ga Afrilu, rana.

Babu waya. Bishiya, ruwa, bishiya.

Alhamis, 11 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma. Wentworth.

Saƙonni sun zubo. Wata jami'a tana so ta ji daga bakina, tunda mutum biyu sun ba da labari biyu kuma an ce ni na tono ƙwansunan. Na kira ta. Na faɗa mata wanda ya bayar, wanda ya karɓa, wadda ta kai, wanda ya watsar. Na faɗa mata Asabar na gani, ban kira ba sai Litinin, kuma ko Litinin ɗin ba ni na kira ba. Ta ce ta gode. Ta ce, "Iyayenki kowanne ya rantse ɗayan ba ya ciki." Na ce na sani.

Litinin, 15 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe.

Nola ta gangaro da kwando, rumman wannan karon. Mai jirgi ya sauka ya same ta a kan tsani. Ban ji abin da ya ce ba. Ya zauna tare da ita a kan benci, ya fasa guda suka ci, ya ɗaukar mata kwandon ya raka ta gida. Da ya dawo ya busa mata ƙaho duk da haka.

Bai kalle ni ba. Ban ce ya burge ni ba.

Asabar, 20 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana. Gida.

An kama ƙudan a tarko. Uku a gonarmu, biyu a ta Harjit. An zana da'irar. Kilomita ɗaya da rabi ta kowane gefe, rumfar famfo a tsakiya, yadda ya faɗa.

Ma'aikata da kayansu ruwan lemu suna bin layi layi. Bishiyar Kaka an tsige ta tas, 'ya'yan suna cikin buhuna. Sauran lemun ba zai fita ba sai an bi da shi ta ɗakin sanyi don kashe tsutsa, kuma masu saye na waje sun riga sun janye. Jami'ar ta ce da an ƙara mako guda da da'irar ta haɗa da garin. Na gaya wa Baba. Ya ce, "To."

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya mini za ka kira ba?"

"Da na gaya miki me zan faɗa musu, da kin gyara mini."

Lahadi, 28 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma.

Bikin Ista. Baba ya gasa rago kamar kullum, ya rina ƙwai ja. Ya jera kujeru goma sha biyu. Ni da shi muka zauna.

Wajen ƙarfe uku Harjit ya zo. Ba ya cin nama, duk shekara dankali yake ci ya tafi wa jikokinsa da ƙwai. Ya tsaya a bakin ƙofar shinge, bai shigo ba.

Ya ce, "Thanasi, shekara biyar ina jiran bishiyoyin nan."

Baba ya miƙe ya cire hula. "Na sani."

"Ɓaure. A kan ɓaure. Da ka ci abinka, mutumin banza, da yanzu duk muna lafiya."

Harjit ya juya, ya yi taku kaɗan, ya dawo ya miƙo hannu ta saman ƙofa. Na saka masa ƙwai uku. Ya tafi bai yi sallama ba.

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma.

Na fara aiki. Ba za a sa ni cikin da'irarmu ba, an tura ni Loxton rataya tarko. Daidai ne. Ni ma haka zan yi.

An ci tarar Mama. An ja wa Baba kunne kan labarin ƙarya. A shagon burodi aka yi shiru da na shiga.

Juma'a, 17 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma.

Jirgi ya iso. Na je karɓar sauran kayana. Mama ta fito da kwalba ɗaya a naɗe cikin jarida, ta tura mini cikin jaka.

"Ba ya cin dafaffe," na ce.

"Na tambaye ki?"

"Ki kai da kanki mana. Kin san hanyar baranda."

"Despina, kar ki sa in mare ki a gaban fasinjoji."

Ni ba ɗan aike ba ce. Digiri gare ni. Na kai.

Ya juya kwalbar a hannu, ya ɗaga ta ga haske. "An dafa?"

"An dafa, Baba. A gabana. Ta tafasa fiye da awa."

"Na marasa haƙori," ya ce. Ya ɗora ta can saman firij, bayan tsohuwar rediyo.

Asabar, 25 ga Mayu, ƙarfe tara na safe. Gida.

Mako na uku ba a kama komai a tarko ba. Ba a ɗage da'irar ba, sai bayan sanyi, idan an yi sa'a. Harjit har yanzu ba ya ɗaga wa Baba hannu a hanya. Mama tana can sama wajen Wentworth. Ba wanda ya kira wani. Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Har yanzu fushi nake yi, kuma ban ga ranar dainawa ba.

Na hau kujera neman batir a saman firij. Kwalbar ba ta nan. Tana cikin firij, a ƙofa, da cokali a tsaye a ciki. Saura kamar yatsa biyu.

Ban tambaya ba.